Ɗakin sanyi na sola: kada ka sayar da filin tukuna

Wani dillalin tumatur da attaruhu a kasuwar 'Yan Kaba ta Kano ya aiko da tambaya. Ya ce kaya na kwana masa, zafi na cinye ribar, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfinsa. Yana so ya sayar da filinsa ya gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana. Shin kuɗin zai dawo?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Riƙe filinka tukuna.

Ɗakin sanyin ba yaudara ba ne, yana aiki. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri a 2015, da wannan sana'ar ya yi suna: ɗaki a cikin kasuwa, farantin sola mai karɓar hasken rana a kan rufi, batir na riƙe sanyin da dare. Sun ce kayan gwari da ke lalacewa cikin kwana 2 kan kai kwana 21 a ciki. Amma dubi yadda suke samun kuɗi. Ba kayansu suke ajiyewa ba, haya suke karɓa daga hannun masu kaya da yawa, kowane akwati da kuɗinsa na kwana ɗaya. Ɗakin yana biyan kansa ne idan ya cika kullum. Kai kaɗai, kayanka za su cika shi daga farkon shekara har ƙarshenta?

A nan hankalina bai kwanta ba. Lokacin da tumaturin rani ke malalowa daga Kadawa da Kura da Garun Malam, ɗakin zai cika maƙil, amma a lokacin kwando ba ya da tsada, abin da ka ceta kaɗan ne. Idan damina ta sauka kaya ya yi tsada, sai ka rasa abin zubawa. Kuma mako uku ba zai ƙetarar da tumaturin Fabrairu zuwa Yuni ba. Abin da ɗakin zai ba ka shi ne ikon cewa "a'a" da la'asar, lokacin da mai saye ya san ba ka da wurin kai kayan, yana taya maka farashin wulakanci. Wannan ikon kuɗi ne, amma sai ka san nawa.

Don haka ɗauki littafi. Wata guda cur, kullum ka rubuta kwando nawa ya shigo, nawa ka karyar da yamma, nawa aka zubar. Yawancin dillalai na jin zafin asara, amma ba su taɓa ƙirga ta ba. Ka kuma lura da inda ɓarnar ta faro. Tumaturin da aka danne a ƙasan kwando tun daga gona ya riga ya ji rauni, sanyi ba ya warkar da shi. Sau da yawa akwatunan roba masu huji, waɗanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, sun fi saurin rage asara, kuma ba sai an sayar da fili ba.

In lissafin ya nuna akwai riba, kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarku. Ku haɗa kuɗi, ko ku ba wani kamfani wuri ya kafa, ku riƙa biyan haya. In ku za ku saya, batir ne abin tambaya, ba faranti ba: shi ke fara mutuwa, shi ke da tsada. A rubuta muku garantinsa, a kuma faɗa muku wa zai zo gyara idan injin sanyin ya tsaya a tsakiyar Afrilu. A sa yaro mai wanke faranti, domin ƙurar hunturu tana rage wutar sosai. Kada kuma a saita sanyin kamar na kifi. Tumatur bai son ƙasa da digiri 10, sai ya yi laushi ya rasa ɗanɗano. Albasa kuwa iska take so, a bar ta a rumbunta.

Bayan wata ɗayan, aiko mini da abin da littafin ya nuna, mu zauna a kansa.