Mu da ba mu da masana'antu, wane hayaƙi za mu rage?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wajen Matamai. Kullum rediyo na cewa gwamnati ta ɗauki alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mu da ba mu da masana'antu, wane hayaƙi za mu rage? Ko dai wata dabara ce ta hana talaka saran itacen girki?

Amsa: Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Kana da gaskiya a farkon maganarka. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa na iskar kabon da duniya ke samu daga ƙona man fetur, gas da kwal. Idan aka raba bisa kai, abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau 100. Ba mu muka hura wutar ba, amma mu take ƙonawa. Duk wanda ke Damagaram a watan Satumba na 2024 ya ga yadda ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye.

Alkawarin da kake ji ya samo asali ne daga yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda Nijar ta amince da ita a 2016. Kowace ƙasa takan rubuta da kanta abin da za ta yi, kuma tamu ta sabunta takardarta a 2021. CNEDD, hukumar kula da muhalli da ci gaba mai ɗorewa da ke ƙarƙashin ofishin firaminista, tana cikin masu riƙe da wannan aiki. An raba alkawarin gida biyu: abin da za mu yi da aljihunmu, da kaso mafi girma wanda sai ƙasashe masu arziki sun ba da kuɗi. Su kuwa sun yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara tun taron Kofanhagan na 2009, ba su cika a kan lokaci ba.

To, wane hayaƙi? Fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ake lissafa mana daga noma, kiwo da saran daji yake fitowa. Shanu da raƙuma na fitar da iska mai ɗumama yanayi idan suna tuƙa. Itace kuma rumbu ne na kabon: yana raye yana zuƙa yana ajiyewa, aka sare aka ƙona sai ya saki.

Nan ne nake so ka dubi gonarka. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture da tsiron da ya fito da kansa, su zaɓi mai ƙarfi su yi masa aski, abin da muke kira sassaben zamani. Ba rami, ba ban ruwa, ba sayen dashe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200. A Magarya, Matamai da Mirya kaɗai, gawo ya rufe kusan hekta miliyan 1. Kai ka fi ni sanin gawo: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani. Dattawa ma na ba da labarin yadda sarakunan Damagaram na dā ke tsananta horo ga mai saran gawo. Ban san wani shirin gwamnati ko na turawa da ya tara itace haka a Sahel ba, kuma ku kuka yi shi.

Me ya sa ba a yi haka tun da wuri ba? Saboda dokar daji da muka gada daga Faransa ta mai da itace na hukuma. Manomi kan ga tsiro ya tuge shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa tara. Da aka sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, sai mutane suka fara jin itacen nasu ne. A watan Yuli na 2020 aka fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya kula da shi a gonarsa. A ganina wannan ita ce babbar manufar yanayi da ƙasar nan ta taɓa yi. Matsalar ita ce ƙauyuka da yawa ba su ji ta ba, kuma gawo na cikin itatuwan da doka ke karewa, don haka kafin ka kada shi gaba ɗaya ka tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na yankinka.

Tsoronka game da itacen girki kuwa yana da tushe. Doka ba ta dafa tuwo. Matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana fitar da gas tun 2011, amma muddin kuɗin sayen tukunyar gas ta farko ya fi ƙarfin magidanci, ko kuma ana neman cikowa a rasa, mata za su koma ga itace da gawayi, su ci gaba da shaƙar hayaƙin da ke cinye musu idanu da ƙirji. Gas ɗin ma yana fitar da kabon, sai dai illarsa ba ta kai ta kashe daji ba. Idan ka samu zama da mahukuntan gari ko hakimi, tambayi abu biyu: yaushe za a karanta dokar 2020 da Hausa a dandalin gari, kuma ina aka kwana kan kawo gas da murhu mai tattalin itace kasuwar Matamai.