Sanda, totur ko tabarau: me ya kamata ka fara saya don tuƙin jirgin yaƙi a kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma burina in koyi tuƙa F-16 a manhajar kwaikwayo. Na ga saitin ƙarfe mai sandar tuƙi da totur da fedar ƙafa. In haɗa kuɗi in saye su gaba ɗaya, ko akwai abin da ya fi dacewa in fara da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da saitin nan tukuna. Fara da sauke DCS World, manhajar kamfanin Eagle Dynamics, domin saukewar kyauta ce, kuma tana zuwa da jirage biyu da taswirori na kyauta: Su-25T mai kai hari ƙasa, da TF-51D na koyo wanda ba ya ɗaukar makami, sai yankin Kokasas da tsibiran Mariyana. A Windows take aiki. Da waɗannan kaɗai za ka gane ko kwamfutarka tana iya ɗauka, ka kuma gane ko kana da haƙurin abin, don a nan sai ka yi minti goma kana kunna jirgi kafin taya ta motsa.

Abu na farko da za ka saya shi ne sanda guda mai murɗawa, wato wadda ake juya hannunta hagu da dama don sarrafa wutsiyar jirgi, mai ɗan totur a gindinta. Abin dubawa a cikinta ba yawan fitilu ba ne, yadda take auna motsin hannunka ne. Masu araha, irin su Logitech Extreme 3D Pro, suna amfani da fotenshiyomita, irin abin da ke cikin makunnin ƙara sautin rediyo: ƙarfe ne ke goga kan wata 'yar hanya, kuma duk abin da ke goga yana cinyewa. Wasu kuma da maganaɗisu suke aunawa, babu abin da ke taɓa wani. Thrustmaster T.16000M tana da maganaɗisu a motsin gaba da baya da na gefe, amma murɗinta na fotenshiyomita ne. VKB Gladiator NXT EVO ta fi ta tsada, kuma ita muke ba da shawara ga wanda ya tabbata zai daɗe a harkar.

Na biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure, ba totur ba ne. Na'urar bin motsin kai ce. A faɗan sama, wanda abokin gaba ya ɓace wa da gani shi ake harbowa, kuma ba za ka iya bin jirgin da ke kewaye ka da babban yatsa a kan maɓalli ba, alhali yatsan yana da wasu ayyuka uku. TrackIR 5 ita ce sananniya: 'yar kyamara a kan allo, da wani abu mai ɗigo uku da ake maƙalawa a hula ko a abin sauraro. OpenTrack kuwa manhaja ce ta kyauta da ke iya bin fuskarka da kyamarar kwamfuta. Idan ita za ka bi, nemi kyamara mai ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa, don mai 30 tana sa kallo ya riƙa jan ƙafa. Saita ta yadda juya kai na kamar digiri 25 zai ba ka kallon bayanka a cikin jirgi, idonka kuma yana kan allo. Kada ka zauna taga tana bayanka: hasken rana yana ruɗa kyamarar, sai kallo ya riƙa tsalle.

Totur mai zaman kansa shi ne na uku, lokacin da ka fara aiki da rada da makamai, maɓallai suka yi maka kaɗan. Feda ta zo ƙarshe. F-16 kwamfutarsa ce ke daidaita wutsiya a sama, fedar ba ta da wani aiki sosai sai a ƙasa, wajen juya tayar gaba da taka birki. Amma ka lura da wannan: wasu sandunan ƙarfe, irin su HOTAS Warthog, wadda aka kwaikwayo daga ta jirgin A-10C, ba sa murɗawa ko kaɗan. Duk wanda ya saye ta, ya ɗora wa kansa sayen feda.

Tambaya: Kuɗin jirgi ɗaya gare ni. F-16C, F/A-18C ko A-10C, wanne zan ɗauka?

Amsa: Kafin ka biya, ka ɗanɗana. Idan daga shafin Eagle Dynamics ka sauke manhajar, ba daga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ba, ana ba da mafi yawan jiragen aro na kwana 14 kowanne, kuma bayan wata shida kana iya sake ara. Ari ɗaya bayan ɗaya, ba duka a rana guda ba, don taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Idan hukunci kake so daga gare mu, F/A-18C, wanda ake kira Hornet. Dalilin shi ne faɗin aikinsa: yana faɗa da jirage, yana kai hari ƙasa, yana harba makami mai linzami Harpoon kan jiragen ruwa da HARM kan radar abokan gaba, sannan shi kaɗai a cikin ukun ke sauka kan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi. Injinsa biyu, yana da haƙuri a ƙaramin gudu, kuma kusan komai ta allunansa uku ake yi, an rubuta aikin kowane maɓalli a gefensa. Saukarsa tana da ƙa'ida guda da za ka haddace: bayan ka sauke tayoyi, daidaita hancin jirgi da tirim, wato maɓallin da ke tsayar da jirgi a yanayin da kake so ba sai ka riƙe sanda ba, har kusurwar fikafiki da iska ta tsaya a digiri 8.1, daga nan totur ne ke hawa da sauka da kai, ba sanda ba. Ba a ɗaga hanci dab da taɓa ƙasa. Wanda ya ɗaga, ƙugiyarsa za ta tsallake wayoyin da ke kama jirgi.

F-16C ya fi shi gudu da saurin ɗaukar wuta, yana jure nauyin juyi har 9G, wato ninki tara na nauyinsa, inda Hornet ke tsayawa a 7.5, kuma murfin gilashinsa ya fi ba da gani. Sai dai man cikinsa kamar fam 7,000 ne, na Hornet kuwa ya haura 10,000, don haka sabon matuƙi da ya manta hannunsa a kan ƙarin wutar bayan inji zai ga mai ya ƙare tun bai ga abokin gaba ba. Saukarsa ma tana son nutsuwa: tayoyinsa a matse suke, ana taɓa ƙasa a kusurwar digiri 11 zuwa 13, kuma in ta haura 15 bayan jirgin zai goga titi. Ga wani abin da ya kamata mai son F-16 ya sani: akwai Falcon BMS, wanda masu sha'awa suka gina kan Falcon 4.0 na shekarar 1998. Mallakar wancan tsohon wasan kawai ake buƙata, sauran kyauta ne, kuma yana da yaƙin da ke ci gaba da gudana da kansa a zirin Koriya, ko ka tashi ko ba ka tashi ba. Bai kuma cin ƙarfin kwamfuta kamar DCS.

A-10C jirgi ne mai ban sha'awa, da bindigarsa GAU-8 mai baki bakwai da harsashi milimita 30, amma ba na mai sanda ɗaya ba ne. Ba shi da rada, ba shi da gudu, littafinsa ya haura shafi 600, kuma kusan duk aikin makamansa a kan maɓallan sanda da totur yake. Bar shi sai ka mallaki totur.

Idan kuma za ka riƙa tashi da abokai ta intanet, tambaye su taswirar da suke hawa. Jirgi ba ya shigar da kai filin Siriya ko na Tekun Fasha sai ka sayi taswirar daban.

Tambaya: Jirgina yana karkata hagu ko ban taɓa sanda ba, wani lokaci kuma totur yana rawa da kansa. Sandar shekararta biyu. Ta mutu ke nan, in sayi sabuwa?

Amsa: Wataƙila lafiyarta lau. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, buɗe sandarka, ka saki hannu. Idan alamar da ke nuna motsin sandar ta tsaya cak a tsakiya, matsalar ba ta sanda ba ce, ta saiti ce. DCS yakan ɗora motsi guda a kan duk na'urar da ya gani an jona, sai ka tarar sanda da totur da feda duk suna ba da umarnin karkata a lokaci ɗaya, suna ja-in-ja. Shiga Controls, zaɓi jirgin, buɗe Axis Commands, ka bi layin Pitch (hanci sama da ƙasa) da Roll (karkata gefe) da Rudder (wutsiya) da Thrust (totur) ɗaya bayan ɗaya, ka goge komai sai na'urar da ta dace. Kowane jirgi da nasa saitin, don haka sai ka maimaita ga kowanne.

Idan kuwa alamar tana karkarwa a joy.cpl, to fotenshiyomita ya yi datti ko ya fara cinyewa. A Axis Tune, sa Deadzone, wato ɗan wurin tsakiya da wasan ba ya kula da motsin sanda a cikinsa, 2 ko 3, in ta kama har 5. Fiye da haka zai hana ka ƙananan gyare-gyaren da shan mai a sama ke buƙata. Mai iya kwance na'ura zai iya cire ta daga kwamfuta, ya fesa ruwan wanke mahaɗan lantarki a cikin fotenshiyomitan, ya motsa shi sau ashirin ko talatin, ya bari ya bushe. Ban da man inji, don ƙura yake tarawa. Kwancewa kuma yana iya soke garanti. Idan maɓallai ne ke danna kansu, sau da yawa wutar USB ce ta yi kaɗan: gwada wata ƙofa ta bayan kwamfuta, ko mahaɗar USB mai tata wutar.

Ka kuma tuna cewa ba kowace karkata ce cuta ba. Jirgin da ya saki bam daga fiffike ɗaya dole ya karkata wajen mai nauyi, jirgi mai farfela kuma ƙarfin injinsa yana murɗa shi lokacin tashi. Maganin waɗannan tirim ne da feda. Sabuwar sanda sai in rawar ta dawo bayan wanki.

Tambaya: An yi mini tayin tabarau na VR na hannu, irin wanda ake sa wa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin jirgin. Kwamfutata RAM ɗinta 16GB, kuma wasan yana kan tsohon faifai mai juyawa. In karɓa?

Amsa: A'a, Malam, ba yanzu ba. Kuɗin ya fara tafiya kan SSD, wato ma'ajiyar da ta fi faifai mai juyawa sauri, aƙalla 1TB tunda taswirori suna da girma, sannan RAM zuwa 32GB. Ƙagewar da ke zuwa jefi-jefi idan ka yi ƙasa-ƙasa kan birni ko ka shiga fili mai mutane da yawa, galibi daga waɗannan biyun take. Danna Ctrl na dama tare da Pause a cikin DCS ka ga hoto nawa kake samu a daƙiƙa. VR yana zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, sau 72 zuwa 90 a daƙiƙa, kuma in ya gaza, jiri da tashin zuciya ne sakamakon. Kwamfutar da ke fama da 60 a allo ba za ta kai ba.

Duba sunan tabarau ɗin ma. Waɗanda suka dogara da Windows Mixed Reality, irin su HP Reverb G2, Microsoft ya cire tallafinsu daga Windows 11 tun sabuntawar 24H2, shi ya sa suka yi arha a hannu.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 13 ya nace sai na saya masa wasan jirgin yaƙi. Laftof ɗinmu ta aikin makaranta ce. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, kada ki sayi jirgin DCS, laftof ɗin da ba ta da katin hoto na musamman ba za ta ɗauka ba. War Thunder kyauta ne, ya fi sauƙi a kan kwamfuta, ana tuƙa shi da linzamin kwamfuta kawai, kuma yana da matakai uku daga na wasa zuwa na kwaikwayo. Amma ana sayar da jirage da kuɗi a cikinsa, ana kuma hira da baƙi, don haka kada ki bar katin banki a asusun, ki kuma rufe hirar a saiti. Idan bayan wata uku ya koma mataki na uku da kansa, yana tambayar yadda ake sauka ba tare da karya taya ba, to ki saya masa sanda mai murɗawa.