Sak ko cancanta: amsa ga mai shirin zuwa gida zaɓe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Shara Mansur, Makka, ina da niyyar zuwa gida lokacin babban zaɓe. A majalisarmu ta bayan Isha'i kai ya rabu: wasu sun ce a yi sak, wasu sun ce a duba mutum. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zuwa gidan dai dole ne, don ba a jefa ƙuri'ar Najeriya a ofishin jakadanci, na Riyad ko na Jidda. Sai a rumfar da ka yi rajista, da katinka a hannu.

Ranar zaɓen tarayya takarda uku za a ba ka: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Babu dokar da ta ce ukun su tafi jam'iyya ɗaya. Amma fa takardar ba ta ɗauke da suna ko hoton kowa, alamar jam'iyya ce kawai da gajeren sunanta. Nan masu cewa cancanta suke yin ɓatan kai. Wanda ka bari a ƙarƙashin lema kafin ka taho Saudiyya, wataƙila yanzu tsintsiya ce a hannunsa. Ka tabbatar tun kafin ka shiga layi.

Jam'iyya ba abin rainawa ba ce, tunda tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas, ta ce jam'iyya ce ta ci zaɓen, shi ne kuma halastaccen ɗan takararta. A 2019 ta soke duk ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba. Don haka ko mutum ya kwanta maka a rai, ka bincika ta yaya ya samu tikiti, ko akwai shari'a a kansa.

A ganinmu ɓarnar sak ta fi yawa a majalisa. Sanatoci 109 da wakilai 360 su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke bin diddigin yadda aka kashe shi. Wanda farin jinin wani ya ɗauko, ba ya jin mazaɓarsa na bin sa bashi. Hukumar INEC tana kafe takardun 'yan takara a ofishinta na mazaɓa, da shekarunsu da karatunsu. Sa wani na gida ya ɗauko maka hoto a waya. In mai neman tazarce ne, tambayi wane ƙuduri ya kai, wane asibiti ko rijiyar burtsatse ya kawo, tana ba da ruwa ko ta kafe.

Wajen dangwale, yatsa ya tsaya cikin akwati ɗaya. Bari tawada ta sha iska kafin ka naɗe takardar, don in ta shafi alamar wata jam'iyya ana iya jefa ta cikin lalatattu.