Ku Tambaya Mu Amsa: Umaru Ganda, ɗan dakon Abijan da ya zama darakta

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon wasiƙun sun taru a kan mutum ɗaya, tun da muka ambaci sunansa a fitowar da ta wuce saƙo yake ta shigowa kamar ruwan Agusta. Na tsinci guda huɗu, sauran ku yi haƙuri, in kun karanta za ku ga amsarku a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, kwanaki na je Yamai wajen yayana sai ya kai ni kallon wasa a cibiyar al'adu ta CCOG, na tambaye shi wai shi wannan Oumarou Ganda da aka sa ma wurin sunansa wane ne, ya ce min tsohon minista ne, abokinsa kuma ya rantse ɗan kokowa ne, har suka kusa ɓatawa. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa ka gaida min yayan naka da abokinsa, ka ce musu duk su biyun sun faɗi jarabawa. Umaru Ganda ɗan fim ne, jarumi kuma darakta, yana cikin mutanen farko farko da suka yi fim a Nijar. A Yamai aka haife shi a 1935, ya yi firamare a nan, yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, a 1951 ke nan, aka kwashe su zuwa yaƙin Indoshin, can inda ake ce ma Biyetnam yanzu. Ka duba fa, yaron da a yau za a ce bai isa yin katin zaɓe ba, shi ne aka ba bindiga ya je ya kare mulkin mallakar Faransa a ƙasar wasu, alhali ƙasarsa ma tana ƙarƙashin mulkin. Faransa ta sha kashi a 1954, shi kuma ya bar soja a 1955, ya dawo gida ba aiki ba dalili, sai ya bi sahun samarin Nijar na lokacin ya gangara kurmi, ya yada zango a Abijan, yana dako a tashar jiragen ruwa.

A nan ne ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ke bincike kan 'yan cirani da ke saukowa daga Nijar zuwa bakin teku. Da farko aikin tambaye tambaye ya ɗauke shi, ya riƙa zagayawa yana tattaro masa bayanan 'yan cirani, daga baya sai ya sa shi a gaban kyamara. Fim ɗin shi ne Moi, un Noir, wato "Ni, baƙar fata", an ɗauke shi a unguwar Treichville, ya fito a 1958, har ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a shekarar. Samarin cikin fim ɗin kowa da laƙabinsa na jaruman silima, irin yadda samarinmu suke kiran kansu da sunayen 'yan ƙwallo yanzu, shi Umaru nasa Edward G. Robinson.

To ga inda nake so ka tsaya. Kyamarar da aka yi aikin da ita 'yar ƙarama ce ta hannu, ba ta ɗaukar murya, hoto kawai. Sai bayan an haɗa fim aka zaunar da Umaru yana kallon kansa a allo yana magana a kai, ba rubutaccen labari a hannunsa, abin da ya zo bakinsa shi yake faɗa, yana ba'a, yana ƙorafin kuɗi, yana mafarkin zama ɗan dambe da samun mota da mace. Kusa da ƙarshe akwai wani sin da yake tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro yana ba shi labarin Indoshin, sai ya fara gwadawa da jikinsa, ya wurga gurneti da hannu wayam, ya zube ƙasa kamar an harbe shi, ya tashi ya karkaɗe ya ci gaba da tafiya. Ni dai duk sanda na kalli wurin nan sai tsigar jikina ta tashi, don ba wasan kwaikwayo yake ba, tuno abin yake. Masu fim na Faransa irin su Godard sun yi ta yabon fim ɗin, amma sunan da ke kan fosta a matsayin mai fim na Rouch ne. Murya ta Umaru, rayuwa ta Umaru, wahala ta Umaru, fim na wani. Ina ganin duk abin da ya yi daga baya daga nan ya samo tushe.

TAMBAYA: Salam Malam, daga Kano nake, unguwar Ɗorayi. Ina ɗan taɓa gajerun finafinai da waya ni da abokaina. Na ga kun kira shi mai zaman kansa, amma ni na ji an ce duk 'yan fim ɗin ƙasashen Faransanci na da Turawa ne ke ba su kuɗi, to ina zaman kan yake? Ba raini ba wallahi, sani nake so.

AMSA: Ba raini a ciki ƙanena, tambayar ma ta mai hankali ce. Gaskiya ne akwai hannun Faransa. Lokacin da Umaru ya koma Yamai, a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar ya koyi aikin, akwai wani kulob na masu sha'awar silima a wurin da ake koya ma matasa riƙe kyamara da tace hoto. Kuma ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin fim a Paris a 1963 da ke taimaka ma daraktocin Afirka a wancan lokacin. Ba ma zancen kuɗi kaɗai ba, a zamanin ba irin naku ba ne da za ka ɗauka ka duba a take ka goge ka sake, fim a zare yake, kuma ba inda ake wanke shi a Nijar, sai an tura Faransa, kana iya gama ɗauka kaf ka sallami 'yan wasa ba ka ga ko sin ɗaya da idonka ba. In ka gama kuma sai ka tarar gidajen silima na yankin suna hannun kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su kuma finafinan Indiya da na kaboyi da na Faransa suke kawowa don su ke cika musu aljihu.

To a cikin wannan matsin ne nake ce masa mai zaman kansa. Ba kamfanin da ya ɗauke shi aiki ya miƙa masa labari, shi ke rubutawa, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa, da 'yan wasan da ba makarantar fim suka yi ba, kuma da yaren gida. Ka kalli fim ɗinsa na farko, Cabascabo, wanda aka gama a 1968, baƙi da fari ne, bai ma kai awa ɗaya ba. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da 'yan kuɗinsa, abokai da mata da maroƙa suka yanyame shi, ana ta kirari yana ta rabo, da kuɗi suka ƙare kowa ya kama gabansa, ya nemi aikin lebura ana wulaƙanta shi, ƙarshe ya juya ya nufi gona. Labarin da ya bayar a bakin ruwa a fim ɗin wani cikin 'yan mintoci, shi ne ya dawo ya ba da shi da hannunsa, kuma wannan karon har da abin da ya biyo bayan yaƙin, wanda shi ne ya fi ciwo. A 1969 aka nuna shi a bikin Cannes a sashen masu sharhi, aka kuma karrama shi a bikin Mosko a shekarar.

Kai kuma da kake da kyamara da ɗakin tace fim da gidan silima duk a aljihun wandonka, ban ce ba ka da matsala ba, na san data da caji da masu satar fasaha, amma don Allah in za ku yi na gaba ku duba Ɗorayi tukuna kafin ku duba abin da ake yi a Mumbai. Na faɗi nawa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga Damagaram. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta tana yawan ba mu labarin wani fim na wani Alhaji da ya ƙara aure aka yi kisa ranar biki, tana cewa matar da ta fito a kishiyar ta sha zagi a gari. Da na ga sunan Ganda a mujallarku sai na ce ko nasa ne?

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan mama, ya sa ta huta. Ba ki yi kuskure ba, nasa ne, Le Wazzou polygame, na 1970. Kalmar "wazzou" ɗin nan ai wa'azi ce, yadda take a bakin Zabarmawa, dukkanmu daga Larabci muka aro ta. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka ya zama Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya Satu wadda an riga an yi ma wani saurayi Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka sauya ra'ayi, aka ɗaura. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ce ba da ita ba, ta shirya kashe amarya a daren biki, sai tsautsayi ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙawayen amarya.

Mutane da yawa suna ɗauka fim ɗin yaƙi yake da ƙarin aure, ni ban gan shi haka ba. Wanda yake nuna ma yatsa shi ne mutumin da ya mai da rawani da sunan Alhaji jari, da iyayen da suka karya alkawari don abin duniya, ita yarinyar ko tambayarta ba a yi ba. Ki tuna a 1970 ne fa, a garin da kowa ya san kowa. Bayan shi ma bai sassauta ba, ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da yake zama kawali tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. Mutumin bai da tsoro ko kaɗan.

Ita kuwa wadda mama ke nufi Zalika Sule ce, Zalika Souley a rubutun Faransanci, tana cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a wannan yanki namu gaba ɗaya. Ta fara da fim ɗin kaboyi na Mustafa Alhassan a 1966, sannan ta yi ta fitowa a na Ganda. Yawanci a muguwar mace ko mace mai zaman kanta take fitowa, mutane kuma suka kasa raba fim da gaskiya, ta sha tsangwama ba kaɗan ba, abin da har gobe 'yan matan Kannywood suke kuka da shi. Rahmatou Keïta ta yi fim na tarihi a kanta mai suna Al'lèèssi, a ciki za ki ga irin rayuwar ƙunci da ta koma bayan duk wannan suna. Ta rasu a 2021, Allah ya gafarta mata.

Wannan fim ɗin na Alhaji shi ne ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Bikin ya fara tun 1969 amma sai a 1972 aka mai da shi gasa, ke nan Ingarman Yennenga, wato babbar kyautar bikin, na farko a tarihi Nijar ya tafi, a hannun tsohon ɗan dako.

TAMBAYA: Gajeriyar tambaya ce tawa daga Kumasi: Bahaushe ne? Kuma yana raye?

AMSA: Bazabarme ne ɗan'uwa, finafinansa na farko ma da Zabarmanci suke da ɗan Faransanci, kada mu ƙwace ma maƙwabta nasu. Amma in ka kalla ba abin da zai zame maka baƙo, daga riga da hula har maroƙa da zaman tabarma da yadda ake kai kuɗin aure.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45 kacal, jim kaɗan bayan fitowar fim ɗinsa na ƙarshe L'Exilé a 1980. Shi wannan daga tatsuniya ya ɗauko shi, wani sarki ne ya ji wasu 'yan'uwa biyu suna cewa in da za a ba su 'ya'yan sarki su aura sun yarda a fille musu kai, sai ya ba su, da wa'adi ya cika ya aiko a cika alkawari. Gaba ɗaya fim ɗin a kan nauyin magana yake, in ka furta ta to ta zama bashi.

Bayan rasuwarsa ne aka sa ma cibiyar nan ta Yamai sunansa, wadda ɗalibinmu na Maraɗi ya shiga, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa da ake ba darakta a kan dogon fim ɗinsa na farko. Har ɗan Nijeriya ya taɓa cin ta, Newton Aduaka, a 2001 da fim ɗinsa Rage, kafin ya dawo a 2007 ya ɗauke Ingarman kansa da Ezra.

Mai tambaya daga Tawa da ya ce a ba shi tarihin Mustafa Alhassan da zanen kwaɗinsa masu motsi, wasiƙarka ta iso, tana kan tebur, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.