An ce ƙodar mahaifiyata lafiya lau, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta shekara 9 tana fama da ciwon suga. An yi mata hoton ƙoda da gwajin kiriyatinin na jini, aka ce duk lafiya lau, amma yayarta a kan wankin ƙoda ta rasu. Akwai gwajin da ke nuna lalacewar ƙoda tun kafin ta yi nisa?

Amsa: Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Akwai shi, Malam, kuma fitsari ake gwadawa. Ana auna albumin, wato wani furotin na jini da ke yoyo cikin fitsari idan ƙoda ta fara lalacewa, a kwatanta shi da kiriyatinin na cikin fitsarin, wato dattin da tsoka ke samarwa ƙoda ke tacewa, a takardar gwaji UACR ake rubutawa. Ƙasa da miligiram 30 na albumin a kowane giram na kiriyatinin shi ne daidai, daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 kuwa ɓarna ta yi ƙarfi. Fitsarin farko na safe ya fi, kuma sai gwaji biyu cikin uku sun nuna hakan a tsakanin wata 3 zuwa 6 kafin a tabbatar, domin zazzaɓi, cutar mafitsara da motsa jiki mai tsanani suna ɗaga shi na ɗan lokaci.

Abin da ke ɓata mini rai kullum shi ne wannan kalmar ta "lafiya lau". Mutum ya shigo riƙe da hoton ƙoda yana murna, alhali hoto girma da siffa yake nunawa, kuma ƙodar mai suga takan yi shekaru tana lalacewa girmanta bai ragu ba, wani lokacin ma ƙaruwa yake yi. Kiriyatinin na jini kuwa makararren manzo ne, yakan zauna cikin iyaka har kusan rabin aikin ƙoda ya tafi, musamman ga tsohuwa marar tsoka sosai. Wasu kuma suna jiran ciwon baya, ko kumfa a fitsari, ko kumburin ƙafa. Ƙodar mai suga ba ta ciwo, kuma ranar da takalmi ya ƙi shiga ƙafa an daɗe da makara. A wannan giɓin ne masu tallar jiƙon "wanke ƙoda" suke cin kasuwarsu, ba su taɓa auna fitsarin kowa ba amma suna rantsuwa sun warkar.

Ku nemi a lissafa mata eGFR, wato kiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, a ƙara da gwajin jini na sistatin C idan akwai, tunda bai dogara da yawan tsoka ba. Gwaje-gwaje irin su NGAL da KIM-1 har yanzu a fagen bincike suka fi yawa, kada a caje ku kuɗinsu.

Ta riƙa yin UACR da eGFR kowace shekara. Idan yoyo ya tabbata, magunguna irin su losartan da dapagliflozin suna rage saurin lalacewar, tare da kula da suga da hawan jini. Kafin nan, ku duba jakar maganinta ku cire magungunan kashe zafin ciwo na diclofenac da ibuprofen, domin suna iya cutar da ƙoda, har sai likitanta ya gani.