Amsar tambayarka a kan tsohuwar aska

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hoton askar da ka samu. Ka ce kana so ka gyara ta da hannunka, amma dokokin masu wannan aiki sun yi maka yawa: a kwantar da bayan aska a kan dutse, a goga ta a fata kafin kowane aski, kada a kai ta wurin inji. Kana tambaya ko al'ada ce kawai aka gada, ko akwai dalili. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Mafi yawansu suna da dalili, kuma tushensu ɗaya ne: ƙarfen da ka cinye daga jikin aska ba ya dawowa.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Duba wuyanta, kusa da ƙota, akwai tambarin maƙera. Tsofaffin askan da suka yi suna yawanci daga garuruwa uku suke: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. In ka ga Wade & Butcher ko Joseph Rodgers & Sons, ta Sheffield ce. Amurka ta yi doka a 1890 cewa kayan da ake shigo mata da su sai an rubuta ƙasar da aka ƙera su, don haka askar da aka buga mata sunan garin kaɗai, babu sunan ƙasa, sau da yawa ta girmi wannan doka. Bayan Gillette ya yi rajistar rezarsa ta yarwa a 1904, mutane suka soma jefa askansu cikin akwati, shi ya sa kake samun su yau da tsatsa. Ƙarfensu mai tauri ne, yana ɗaukar kaifi sosai, amma ruwa kaɗan ya isa ya ɓata shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi, a Sheffield ɗin.

Kafin ka taɓa dutse, ɗaga ta cikin haske ka bi bakin da ido. In akwai tsagewa, bar ta, ba ta gyaruwa. Ƙaramin giɓi yana fita da haƙuri. Abin da na fi jiye maka shi ne ramukan tsatsa a daidai baki, domin kana wasawa kaifin yana marmashewa, sai ka ci ƙarfe har ka wuce su. Duba ƙotar kuma. Ta ƙaho ko ta ƙashi in ta bushe, ɗan mai ya ishe ta. Amma akwai tsohuwar roba da ake kira seluloid, wadda in ta soma ruɓewa takan fitar da iska mai cin ƙarfe. Alamarta ita ce tsatsar ta tsaya daidai inda askar ke shigewa cikin ƙota. Irin wannan cire ta za ka yi, kuma kada ta kwana wuri ɗaya da sauran.

Tsatsar jiki da hannu ake cire ta, da sanfefa, daga mai ɗan kaushi zuwa mai laushi, a ƙare da man goge ƙarfe. Baƙin tabon da ya kwanta lafiya, ni ba na taɓa shi, shekaru ne, ba cuta ba. Dokar hana inji kuwa gaskiya ce tsantsa. An rarake gefen aska har bakin ya yi siriri ainun, zafin inji na ɗan lokaci yana kashe taurin da maƙeri ya ba shi. In ka ga ƙarfen ya yi shuɗi, wurin nan ya mutu ke nan.

Yanzu ga babbar magana. Aska ba a wasa ta yadda ake wasa wuƙa. Mai wuƙa yana ɗaga bayanta ya kimanta kusurwa da hannu. Mai aska kuwa an riga an auna masa: maƙeri ya daidaita kaurin baya da faɗin askar yadda in baya da baki suka kwanta tare a kan dutse, kusurwar kaifin za ta fito kusan digiri 16 ko 17. Da ka ɗaga bayan ko sau ɗaya, ka lanƙwasa abin da kake ginawa. In kana tsoron dutse ya cinye bayan, manna masa salatif na masu gyaran wuta falle ɗaya, amma in ka fara da shi, da shi za ka ƙare.

Dutsen ma sai ya zama shimfiɗaɗɗe. Zana layuka da fensir a fuskarsa, ka goga shi a kan jiƙaƙƙen sanfefa da aka ɗora a gilashi har layukan su ɓace baki ɗaya. Magabata sun yi amfani da dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa da na yankin Thuringia a Jamus, amma ga ɗan koyo duwatsun ruwa masu lamba sun fi sauƙi: 1000, 4000, 8000, ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Baki ne ke gaba a kan dutse. Ka tura, ka ɗan ja ta gefe don duk tsawon bakin ya taɓa, ka mirgina ta a kan bayanta, ka dawo.

A dutsen 1000 ake yin aikin gaske, a nan kuma 'yan koyo ke gajiya su tsallake. Gefen nan biyu dole su haɗu a layi ɗaya daga gindi har tsini. Shafa baƙar maka a bakin, ka ja sau biyu ko uku, ka duba: duk inda tawada ta rage, dutse bai kai ba. Kada ka bar wannan dutse sai askar ta aske gashin hannunka a kowane sashe nata. Duwatsun gaba goge zanen na baya kawai suke yi, ba sa haɗa bakin da bai haɗu ba. Kana hawa lamba, kana sassauta hannu, har nauyin askar kaɗai ya rage.

Fata akasin dutse ce. A nan baya ne ke gaba, baki na biye, fatar a miƙe, a juya a kan baya. Ba ta cin ƙarfe, miƙe bakin take yi ta share shi, shi ya sa ake yi kafin kowane aski, kamar sau 40 zuwa 60. Yi a hankali, domin saurin hannu ne ke yanka fata.

Akwai al'ada ɗaya da ban ɗauke ta da nauyi ba. A da masu hali kan sayi aska bakwai a akwati ɗaya, kowace da sunan ranarta a rubuce a baya, wai ƙarfe na bukatar hutu. Aska ɗaya da ake gogawa a fata, a tsane ta sarai, a shafa mata ɗigon man keken ɗinki, ta ishe ka.

Wadda ba na sassautawa a kanta ita ce ta tsabta. Ba ka san fuskar wa ta aske ba, kuma akwai ciwon hantar da ta jini yake bi. Wanke ƙarfen da sabulu, ka jiƙa shi da sifirit, kada ka tafasa ta don ƙotar za ta lalace, kuma kada ka ara wa kowa. Askin farko ka tsaya a kumatu, bi kwanciyar gashi, bayan askar ya ɗaga kaɗan daga fuska. In tana fizgar gashi, koma dutsen 1000.

Ɗauko min hoton tambarin wuyanta kusa-kusa, da na bakin ta gefe biyu, kafin ka sa mata sanfefa. Ka gaishe min da mutanen gida.