Ganyen tumatir ya yi ɗorawa, na ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman tumatir a tsakar gida cikin bokitai masu cin lita 20, sun kai mako shida da dashe. Ganyen ƙasa ya fara yin ruwan ɗorawa, sai mai shagon taki ya ce yunwa ce. Na zuba yuriya cikin hannu a kowane bokiti, bayan kwana biyar na ƙara. Yanzu bakin ganyen ya ƙone, shukar tana yaushi alhali ƙasar da danshi, ga wani farin abu ya fito a saman ƙasar. Maƙwabciyata ta ce in zuba toka. Don Allah me zan yi kafin su mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zuba tokar, yuriyar ma ki ɗaure bakin ledar ki ajiye. Taki ne ya yi wa shukarki yawa. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, cikin hannu ɗaya kuwa yakan kai giram 30. A gona ruwa yana wanke rarar, saiwa kuma tana da wurin gudu. A bokiti babu inda za ta je. Idan gishirin taki a ƙasa ya fi na cikin saiwa kauri, saiwar ba ta iya jan ruwa, shi ya sa kike ganin yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Farin nan na sama gishirin ne.

Gobe da sassafe ki kankare farin ki zubar, ki duba ƙasan bokitin ko hujojin sun toshe. Idan ba su kai shida ba ki ƙara, ki ɗora bokitin a kan duwatsu. Sai ki zuba ruwa a hankali, lita 40 zuwa 60 a kowanne, yana fita ta ƙasa. Daga nan kada ki sa taki har mako biyu, kada ki ba da ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya sha iska. Ganyen da ya ƙone ya tafi kenan. Sabon toho za ki riƙa dubawa.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar mai shagon, domin ita ce take kashe wa mutane shuka kullum: wai duk ganyen da ya yi ɗorawa yunwa yake ji. Mutum bai ga shukar ba, bai tambayi ko ganyen sama ne ko na ƙasa ba, bai tambayi irin ruwan ba, ya miƙo leda ya karɓi kuɗi. Wannan daidai yake da a ga yaro da zazzaɓi a yi ta ɗura masa tuwo. Ganye yana ɗorawa idan ruwa ya kwanta saiwa ta rasa iska, ko ƙasar ta yi kanwa-kanwa, ko cuta ta shiga, ko ma don ya tsufa rana ba ta kai masa. A duk waɗannan, ƙarin taki ƙarin wahala ne.

Wurin da ɗorawar ta fara shi ne shaida. Shuka tana iya ɗebo naitirojin, potasiyom da magniziyom daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka ƙarancinsu daga ƙasa yake farawa. Na naitirojin ganyen gaba ɗaya yake koɗewa, har jijiyoyinsa. Na magniziyom jijiyoyin suna nan kore, tsakaninsu ne ke ɗorawa. Maganinsa gishirin Epsom, wato gishiri mai ɗauke da magniziyom (ba na miya ba), ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a fesa da yamma. Sinadarin ƙarfe da kalsiyom kuwa ba sa ƙaura, nasu a sabon toho yake bayyana.

Kuma sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasar, shukar ce ta kasa sha. Tumatir yana son ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ƙasa, tsakanin 6.0 da 6.8, idan ya haura 7, ƙarfe yakan fara ɗaurewa. Nan ne haɗarin tokar maƙwabciya yake, domin toka ɗaga ma'aunin take yi, ga nata gishirin. Ki sayi takardar gwajin pH, ki tsoma a ruwan da ya fito ta ƙasan bokiti, ki gwada na rijiya ko burtsatsen da kike amfani da shi.

Ki kuma juya bayan ganyen. Idan ƙananan fararen ƙudaje suka tashi, sabon ganye kuma ya ƙanƙance yana naɗewa sama, ƙwayar cuta ce da suke yaɗawa. Babu takin da ke warkar da ita. A tumɓuke shukar a fitar da ita.

Idan mako biyun ya cika, sabon toho ya fito kore, ki koma kan takin kamfa mai lamba 15-15-15: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, irin awon da ake koya wa manoman gero a Nijar. Ki binne shi yatsa huɗu nesa da karan, ki bi da ruwa, duk bayan mako biyu. Da fure ya fito ki rabu da yuriya, domin ganye za ta ƙara miki, 'ya'ya su yi ƙaranci. In gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotse, kalsiyom ne bai isa wurin ba, galibi saboda ban ruwa yau da yawa gobe babu. Ɓawon ƙwai ba ya narkewa da wurin da zai cece shi. Ki daidaita lokacin ban ruwa, ki rufe saman ƙasar da ƙaiƙayin shinkafa.